Faifai Huɗu, Waya Ɗaya

A Auyo, bayan la'asar,
rana ta gama cika mana batir,
na jera faifan kwamfuta huɗu a kan buhun shanshera,
ina taka-tsantsan kamar mai tallan ƙwai.
Uku na ofishin ƙungiyar manoma ne.
Na huɗun daga akwatin Yaya Nafi'u na ciro shi,
har yanzu yana ƙamshin kafur.

Wayar ɗaya ce, faffaɗa, ruwan toka,
da bakuna a jere a jikinta.
Na ba kowane faifai bakinsa.

Baba Ɗan'azumi mai rabon ruwa
ya jingine kekensa, ya leƙo ta taga.
"Duk hanya guda za su sha?"
Na ce, "Hanya guda, amma ba tare ba.
Kowa da lambarsa.
In kwamfuta ta yi kira, mai lambar ke amsawa,
sauran su kame baki."
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Ashe aikina ka sata, yaro.
Litinin fangalin Barau,
Talata na Ladi mai albasa,
wanda ya yi gaggawa ya sha taɓo."

Na kunna. Fanka ta ɗauki kuka.
Biyu suka fito a allo,
biyu ko tari.
Na zare, na hura, na mayar.
Na sake.
Gumi na ɗiga a kan maɓallai,
sauro ya fara karɓar harajinsa a idon sawuna.

Baba ya ce, "Shekarar da na rubuta wa mutum biyu awa ɗaya,
sai da aka ɗaga fartanya.
Ruwan kuwa ya bi ta burtali,
babu wanda ya jiƙa ko kunya guda."

Na haska tocila a ƙeyar kowanne,
inda 'yan haƙoran nan suke, ƙanana kamar na ɓera.
Na ofis: lamba uku.
Na Yaya: lamba uku.
Shi ya saita su duka, na tuna,
mutumin da sukarinsa cokali uku,
sallamarsa sau uku,
ya kuma yi kwana uku kacal a asibitin Haɗeja.

Da allurar ɗinkin buhu na ɗaga 'yar robar,
na matsar da nasa zuwa biyar.
Hannuna ya ɗan yi rawa,
kamar na sauya masa wurin zama a masallaci.

Saura wutsiyar waya.
Ba a barin ta buɗe;
saƙo kan je ƙarshe, ya rasa mai karɓa,
ya juyo ya yi karo da na bayansa.
Na ɗauko toshiyar na danna.
Baba ya gyaɗa kai. "Datsi," in ji shi.

Sai ga su, huɗu reras.
Ga sunayen manoma ɗari biyu da ɗoriya,
ga bashin taki, ga rasiɗin iri,
ga wanda ya biya, ga wanda ya ce sai kaka.

A na Yaya jaka ɗaya ce tal,
ya sa mata suna: kar a goge.
Na zaci lissafi ne.
Hotunan yabanya ne, mako bayan mako,
gona guda, daga gindin giginya guda,
sai wata murya ta minti biyu:
yana ƙirga buhuna, ya yi tari a na sha bakwai,
ya ɓata, ya koma farko,
can ya ɗaga murya,
"Sagiru, shayin nan fa?"

Ban amsa ba.
Wancan karon ma ban amsa ba, ina wasan ƙwallo.

Baba ya duba agogonsa, ya ja keke.
Daren yau ruwan Barau ne, sai an buɗe masa.
Ni na zauna da fitilu huɗu korra,
wannan ta ƙyafta, ta yi shiru,
waccan ta karɓa.
Ta biyar ɗin nan ba ta da gaggawa.
Tana jiran a kira ta.